Sauron da ya ɓace kusan shekara 50 ya dawo KwaZulu-Natal bayan an canja maganin feshi

A 1999 ne ma'aikatan yaƙi da maleriya a yankin Ndumo, can ƙuryar arewacin KwaZulu-Natal a Afirka ta Kudu, dab da bodar Mozambik, suka fara tsinto wani sauro a ɗakunan da aka riga aka yi wa feshi, kuma da ransa garau. Yadda suke kamun ba wani abu ne mai wahala ba, wani ɗan akwati ne na raga ake maƙalawa a jikin taga da yamma, duk sauron da ya shiga ɗaki cikin dare ya ci ya ƙoshi ya nemi hanyar fita da asuba to cikin akwatin zai faɗa, da safe a zo da bututun zuƙa a kwashe su ɗaya bayan ɗaya a zuba a kofi mai rufin raga. Ɗakin da aka fesa da kyau bai kamata a samu komai a akwatinsa ba sai gawa ko wanda ke magagin mutuwa. Su kuwa waɗannan tsaf suke, cikinsu jajur da jinin masu ɗakin.

Tawagar Keith Hargreaves ce ke wannan aiki a lardin, suka aika da sauron ɗakin gwaji a Johannesburg wajen masana sauro su Maureen Coetzee. Dole sai da aka kai ga gwajin ƙwayar halitta, don wannan sauro yana da 'yan uwa masu kama da shi sak, irin su rivulorum da parensis da vaneedeni, waɗanda ko a madubin likita da wuya ka rarrabe su, kuma su galibi dabbobi suke cizo, ba su cika damun kowa ba. Sakamako ya fito cewa wannan anofilis funestus ne na ainihi, sauro mai yaɗa maleriya, wanda rabon da a gan shi yana ɓarna a ƙasar tun wajen shekarun 1950. Aka duba aka ga kusan kashi 5 cikin 100 na waɗanda aka kama suna ɗauke da ƙwayar maleriya a shirye take ta shiga jikin mutum, wanda a harkar sauro wannan adadi ne mai tayar da hankali. Aka gwada su da maganin da ake fesawa, wasunsu suka ƙi mutuwa. Aka gwada su da DDT, tsohon maganin feshin da aka daina amfani da shi shekara uku kafin nan, suka mutu.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane nauyin abin. Lardin Natal, wanda yanzu yake cikin KwaZulu-Natal, ya san maleriya sani na haƙiƙa, annobar 1932 kaɗai ta kashe sama da mutum dubu 22, har gonakin rake suka rasa ma'aikata. A can ne ma aka fara gwada dabarar fesa magani a cikin ɗaki tun a shekarun 1930, da ruwan furen fairetiram da ake haɗawa da kananzir, sai dai shi ba ya daɗewa a bango, dole a dawo kowane mako. Da DDT ya zo a 1946 sai lissafi ya canja gaba ɗaya, a fesa sau ɗaya ya yi wata shida ko fiye yana aiki, giram 2 a kowane murabba'in mita na bango. Shi kuwa funestus halinsa ne ya kashe shi. Sauro ne ɗan gida, jinin mutum yake so, a ɗaki yake cizo, in ya ƙoshi kuma ba ya fita, bango ko ƙasan jinka yake samu ya lafe har jinin ya narke, wato daidai inda aka shafa guba nan yake zuwa ya zauna. Cikin 'yan shekaru aka share shi daga ƙasar. Sauron maleriyar da ya rage shi ne wani mai suna arabiyensis, mai cizon mutum da shanu duka, mai kwana a ɗaki ko a waje yadda ta kama, shi feshi ba ya gamawa da shi amma yana rage shi, shi ya sa maleriya ta koma ta damina kawai a wasu yankuna na larduna uku da ke gefen boda, KwaZulu-Natal da Mpumalanga da wanda yanzu ake kira Limpopo.

To me ya sa aka bar DDT a 1996 tunda yana aiki? Nan ne nake so mu yi wa mutanen adalci, don sau da yawa in ana ba da labarin nan sai a nuna kamar wasu 'yan kare muhalli ne daga Turai suka zo suka tilasta abu kawai. Matsin lamba daga waje akwai shi, ba ƙarya, amma ƙorafin cikin gida ma ba ƙarami ba ne. DDT yana barin farin tabo a bango kamar an watsa farar ƙasa an bar ta, matar da ta sha wahala ta yi wa ɗakinta yaɓe ta gyara shi tas ba za ta so haka ba, sai masu feshi su juya baya ta kwaɓa ƙasa ta sake yaɓe a kai, maganin ya tafi a banza. Ga kuɗin cizo, wanda DDT ya daina kashewa sai dai ya zaburar da shi ya fito daga tsagar bango ya hana mutane barci, har wasu magidanta suka riƙa kulle ƙofa su bar gida ranar da suka ji masu feshi na tafe. Sannan ga abin da ya fi nauyi, binciken su Henk Bouwman a KwaZulu ya nuna DDT mai yawa a nonon mata masu shayarwa a gidajen da ake fesawa, don shi magani ne da ba ya ruɓewa da wuri, a kitse yake taruwa. Duk uban da aka gaya wa haka game da jaririnsa ai dole ya nemi a canja. Ga kuma sabon magani a kasuwa, deltametirin, daga dangin fairetroid, ba tabo, ba wari sosai, 'yan miligiram kaɗan sun isa bango, yana kashe kyankyaso da sauran ƙwari mutane na murna, kuma an gwada shi a kan arabiyensis ya kashe. A takarda babu abin kushewa a shawarar.

Inda aka yi sake a nawa ganin wuri ɗaya ne, an gwada maganin a kan sauron da ke gida, ba a waiwayi wanda aka kora ba. Shi funestus bai mutu a duniya ba, yana nan tsallaken boda a kudancin Mozambik, inda yaƙin basasa da ya ƙare a 1992 ya rusa aikin feshi na tsawon shekaru. Tsakanin Ndumo da Mozambik kuwa ba dutse ba teku, fadama ce da tafkuna da kogunan Pongola da Usuthu, irin ruwan da funestus ke so kenan, ruwa mai zama duk shekara mai ciyawa da inuwa, ba kamar sauron da ake kira gambiye da arabiyensis ba masu son kududdufin damina da sawun shanu da rana ke duka. Duk tsawon shekarun nan yana leƙowa, bangon DDT na kashe shi, babu wanda ya lura ma da zuwansa. Ranar da aka canja abin da ke bangon sai ya shigo ya tarar da maganin da jikinsa ya riga ya iya da shi, ya zauna ya hayayyafa.

Mutane kan ce sauro ya saba da magani, kamar yadda mai shan shayi da yawa yake sabawa har ya daina hana shi barci. Ba haka abin yake ba, kuma bambancin yana da amfani. Sauro ɗaya ba ya sabawa da komai, kwana nawa ma yake yi a duniya, mako biyu zuwa uku. Abin da ke faruwa tankaɗe ne. A cikin dubban sauro akan samu 'yan ƙalilan da aka haifa da wani bambanci a halittarsu da ke sa maganin bai kashe su ba, to in ka fesa ka kashe duk sauran ka bar waɗannan, ka share musu fili kenan, ba mai yi musu gasa, macen ta sa ƙwai ɗari ko fiye duk bayan kwana biyu ko uku, cikin mako biyu 'ya'yan sun tashi su ma suna sa nasu, kuma sun gaji abin da ya tserar da uwarsu. Ka maimaita wannan da magani iri ɗaya shekara da shekaru, a bango, a gidan sauro, a gona inda ruwan feshin auduga ko shinkafa ke gangarawa cikin kududdufin da tsutsar sauro take, kan ka ankara masu taurin kan sun zama su ne jama'a. Mu ne muke zaɓen su da hannunmu, kuma tsarin feshin da hukuma ta ɗauka shi ne rariyar.

Yadda ake gane an kai wannan matsayi gwaji ne mai sauƙi da hukumar lafiya ta duniya WHO ta tsara, kuma wallahi sauƙinsa ne ke ƙara sa ni baƙin ciki in na tuna yawan rayukan da ke rataye da shi. Bututun roba ne guda biyu da ake haɗawa baki da baki da 'yar ƙofa mai zamewa a tsakani, ɗaya an naɗe cikinsa da takarda mai magani a ma'auni sananne, DDT kashi 4 cikin 100, deltametirin kashi 0.05, ɗayan takarda ce zalla. A zuba matan sauro 20 zuwa 25 'yan kwana uku zuwa biyar waɗanda ba su sha jini ba, a hura su cikin mai maganin, a duba agogo awa ɗaya cif, a mayar da su ɗaya ɓangaren a ɗora musu auduga jiƙe da ruwan sukari a kan ragar, a bar su sai gobe war haka. In an zo ƙirga aka ga kashi 98 ko fiye sun mutu to magani na aiki. In ƙasa da kashi 90 ne suka mutu to an tabbatar akwai turjiya. Kayan aikin gaba ɗaya jaka ɗaya za ta ɗauke su. Wahalar tana wajen samun mutumin da ya san aikin, mai shiga fadama da ludayi ya ɗebo tsutsa ya rene ta, mai rarrabe wannan sauro da wancan, da kuma gwamnatin da za ta ci gaba da biyansa albashi a shekarun da ake ganin kamar ba matsala.

Alƙaluman sun yi tashin gwauron zabi. A 1995 masu maleriya a duk Afirka ta Kudu ba su kai dubu 10 ba, a 1996 suka kai wajen dubu 27, a 1999 suka haura dubu 51, a 2000 suka wuce dubu 64 da mutuwar sama da mutum 400. KwaZulu-Natal kaɗai ta ɗauki sama da dubu 41 a wannan shekarar, kuma yawancinsu daga 'yan gundumomin arewa ne, Ingwavuma da Ubombo, inda asibitoci ƙalilan ne, Mosvold da Manguzi da Bethesda da ƙaramin asibitin Ndumo. Wanda ya taso a inda maleriya take kullum zai iya cewa dubu 64 ai ba komai ba ne, jiha ɗaya a Najeriya ta fi haka nesa ba kusa ba. Amma a tuna mutanen nan shekara 50 ana kare su, jikinsu bai da garkuwar da mai shan cizo tun yarinta yake samu, saboda haka ba yara kaɗai take kayarwa ba, magidanci ƙaƙƙarfa sai ta kwantar da shi ta haura masa kai cikin kwana biyu uku. Ga shi funestus ba ya tafiya hutun rani, tunda ruwansa ba ya ƙafewa, sai cutar ta zarce har cikin watannin sanyi na Yuni da Yuli da a da ake samun sararawa.

Kuma gaskiya ba sauro kaɗai ba ne, ana kukan targaɗe sai ga karaya. Maganin da ake ba marasa lafiya shi ma ya gaza a daidai wannan lokaci. Tun 1988 lardin ya bar kulorokwin ya koma Fansidar, to zuwa 2000 da aka bi diddigin waɗanda aka ba shi sai aka ga kusan kashi 88 cikin 100 bai warkar da su ba. Mutum ya sha magani ya ɗan ji sauƙi ya koma gida da ƙwayar cutar a jininsa, sauron da feshi ba ya kashewa ya cije shi ya kai wa maƙwabci. Ga ruwan sama mai yawa a wasu daga cikin shekarun, har da ambaliyar nan ta Mozambik ta Fabrairu da Maris na 2000, ga zirga-zirgar mutane a boda da ta ƙaru bayan yaƙi ya ƙare. Tsallen 1996 ma da ruwan sama a cikinsa. Duk wanda ya ce maka DDT kaɗai ne labarin to ya gutsure maka rabi.

A watan Maris na 2000 aka dawo da DDT, amma ba a ko'ina ba. Ɗakunan gargajiya na ƙasa da kara da jinka su aka riƙa fesa wa DDT, gidajen siminti masu fenti aka bar su da fairetroid saboda tabon nan. A Janairun 2001 kuma lardin ya koma ba da Coartem a matsayin maganin farko, KwaZulu-Natal ce wuri na farko a Afirka da hukumar lafiya ta ɗauki irin wannan haɗin magani biyu mai ɗauke da sinadarin atemisinin a matsayin tsari. Na uku, wanda ni a wajena shi ne mafi hankali a duk matakan, aka tsallaka boda. Ƙasashe uku, Afirka ta Kudu da Mozambik da Swaziland wadda yanzu ake kira Eswatini, sun riga sun ƙulla wani shirin raya yankin Lubombo a 1999, asali don jawo masu zuba jari da 'yan yawon buɗe ido, sai suka gane ba mai zuwa inda zazzaɓi ke kashe mutane, aka sa yaƙi da maleriya a ciki. Ƙarshen 2000 aka fara feshi a lardin Maputo, kuma wannan karon sai da aka gwada sauron wurin tukuna, aka ga fairetroid ba zai yi ba, aka ɗauki bendiyokab daga wani dangin daban da ake kira kabamet, duk da ya fi tsada kuma ba ya daɗewa a bango, sai an zagayo sau biyu a shekara.

Abin ya yi aiki fiye da yadda kowa ya zata. A asibitocin da aka sa wa ido, shekara ɗaya bayan matakan, masu kwanciya da masu mutuwa sun ragu da kashi 89 cikin 100, zuwa 2003 masu zuwa da maleriya sun ragu da kashi 99, mutuwa da kashi 97. Lardin da ya ƙirga sama da dubu 41 a 2000 ya dawo ƙasa da dubu 3 a 2002. Funestus ya sake ɓacewa daga KwaZulu-Natal. Su kansu masu binciken da suka fitar da alƙaluman sun danganta nasarar da haɗuwar matakan ne, feshin da ke kashewa da maganin da ke warkarwa a lokaci guda.

Wani abin da ya zo daidai, a Disamban 2000, annobar na kan ganiyarta, a Johannesburg ɗin aka yi zaman ƙarshe na tattauna yarjejeniyar hana sinadarai masu daɗewa a muhalli, wadda aka sa wa hannu a Stockholm a Mayun 2001 ta fara aiki a 2004. DDT na cikin jerin 12 na farko. Ƙasar da ke karɓar baƙin taron ita ce ta dawo da shi watanni tara kafin nan don ceton mutanenta, wannan ya yi nauyi a teburin, aka ƙare da cewa an hana shi a noma amma an bar ƙofa ga ƙasar da ke buƙatarsa don sauro, a cikin ɗaki kawai, bisa ƙa'idar WHO, tana kai rahoto. A 2006 WHO ta fito fili ta goyi bayan amfani da shi a feshin cikin ɗaki. Maganar nonon uwa fa ba ta tafi ko'ina ba, binciken da aka ci gaba da yi bayan dawowar DDT ya sake samunsa a nonon mata a yankunan, kuma bai kamata murnar raguwar maleriya ta sa a manta da su ba.

To yanzu ga inda nake so mai karatu na gida ya tsaya da kyau, don na sha jin ana cewa ai mu ma a dawo mana da DDT kawai a huta, ga Afirka ta Kudu nan ta yi. Abin da ya sa ya yi musu aiki wata sa'a ce ta halitta. DDT da fairetroid wuri ɗaya suke duka a jikin sauro, wata 'yar ƙofa ce a jijiyarsa da ke buɗewa tana rufewa don saƙo ya wuce, maganin ya danne ta a buɗe sauro ya kama karkarwa ya faɗi. Sauro na da hanya biyu manya na tsira. Ko dai ya canja kwaɗon ƙofar ta yadda makullin ba zai shiga ba, wannan shi ake kira kdr, kuma tunda makullan biyu ƙofa ɗaya suke nema to in an canja kwaɗon duka biyun sun tashi aiki. Ko kuma ya bar ƙofar yadda take ya tara masu gadi a zaure, wasu sinadaran jiki da ke narkar da gubar kafin ta ƙarasa ciki. Funestus na Mozambik hanya ta biyu ya bi, masu gadinsa, dangin da ake kira P450, sun iya narkar da fairetroid amma ba su iya da DDT ba. An tabbatar da haka ne da aka fara shaƙa wa sauron wani sinadari mai suna PBO da ke ɗaure hannun masu gadin, sai ga fairetroid ya dawo yana kashe shi, daga baya a 2009 su Charles Wondji suka nuna ainihin ƙwayoyin halittar da ke da alhakin, su CYP6P9.

A Afirka ta Yamma kuwa kwaɗon aka canja. Tun 1998 aka bayyana kdr a gambiye na Kodebuwa da Burkina Faso, yankunan da aka daɗe ana yi wa auduga feshi, yanzu kuma ya bazu ko'ina, masu bincike daga Jami'ar Bayero sun same shi da yawa a sauron yankin Auyo na Jigawa mai noman rani, inda DDT da fairetroid duka ba sa kashewa yadda ya kamata. Ka fesa DDT a irin wannan wuri ka kwashi illar ka bar amfanin. Mu kuma bai kamata a ba mu labarin turjiyar sauro kamar baƙon abu ba, don a ƙasarmu Najeriya aka fara ganinta a jikin gambiye. Aikin gwaji na yammacin Sakkwato da aka fara a 1954 a yankin Birnin Kebbi ya fesa wani maganin ƙwari mai suna diyaldirin a wani sashe, kafin 1955 ta ƙare sauron ya daina mutuwa, aka ɗebi na garin Ambursa aka kai Landan, George Davidson ya nuna abin gado ne da ke bin ƙwayar halitta ɗaya. Sama da shekara 40 kafin Ndumo kenan.

Ko a KwaZulu-Natal ɗin ma DDT bai zauna lafiya ba. Shekara biyu zuwa uku da dawowarsa tawagar Hargreaves ta samu arabiyensis a Mamfene, yankin noman rani da auduga na filin Makhathini, wanda wasunsa ba sa mutuwa da DDT. Bambancin kawai wannan karon ana dubawa, an gani tun abin yana ƙarami. Irin wannan darasi ne ya shiga tsarin da WHO ta fitar a 2012 na tafiyar da turjiya, cewa a riƙa juya dangin magani shekara-shekara kafin ya gaza ba bayan ya gaza ba, kar a fesa fairetroid a bango a inda aka raba gidan sauro mai fairetroid, don duka biyun rariya ɗaya ce, kuma a riƙa gwajin bututun nan aƙalla sau ɗaya a shekara. Faɗa da baki ba wuya, aiwatarwa kuɗi ne, don magungunan da ake juyawa zuwa gare su, irin su Actellic da SumiShield, sun ninka fairetroid tsada, sau da yawa in kasafi bai ƙaru ba sai a rage yawan gidajen da ake fesawa, ƙauyen da aka cire daga lissafi kuma a shekara mai zuwa shi zai cika gadajen asibiti. Shirin Lubombo ma da kuɗinsa ya ƙare a 2011 feshi ya ja baya a kudancin Mozambik, maleriya ta sake ɗagowa a can, sai da ƙasashen uku suka sake ƙulla wani haɗin gwiwar mai suna MOSASWA a 2015.

Shi kuwa funestus ɗin da aka ɗebo daga kudancin Mozambik a wancan lokaci ba a bar shi ya ƙare ba, an rene shi a ɗakin gwaji a Johannesburg aka sa masa suna FUMOZ, jikokinsa na nan har yau a cikin keji a ɗakunan gwaji daban-daban ana ba su jini da ruwan sukari, kuma suna cikin sauron da ake sakar wa sabon gidan sauro ko sabon maganin feshi a gani ko zai kashe kafin a amince da shi. Gidan sauro mai PBO da WHO ta amince da shi a 2017, wanda aka riƙa rabawa a jihohi da dama na Najeriya, dabararsa ita ce dai waccan ta ɗaure hannun masu gadin zaure, sai dai wannan karon an saƙa sinadarin a cikin zaren ragar.